MAKAHO DA KWAMFUTA: KOWANE AIKI DA TSARINSA

A da, in yaro ya makance a ƙasar Daura, abin da aka fi sa masa rai da shi shi ne haddar Alƙur'ani, ko tufkar igiya, ko kuwa bara a ƙarƙashin Sarkin Makafi. A watan Janairu na 2019 Shugaba Muhammadu Buhari, ɗan Daura, ya sa hannu a dokar da ta hana nuna wa naƙasassu bambanci, ta kuma nemi ma'aikatun Gwamnati su ba su kashi 5 cikin 100 na guraben aiki gwargwadon iko. To, amma doka ƙofa kaɗai take buɗewa, gwaninta ce ke zaunar da mutum a kujera. Aikin akawu kuwa, ko a Daura ko a Zango, Baure, Sandamu da Mai'aduwa, da kwamfuta ake yinsa. Saboda haka tilas ne makaho ya san yadda zai sarrafa ta.

Mai Karanta Allo

Akwai manhajar da ake kira mai karanta allo. Aikinta ta faɗa wa makaho da murya duk abin da ke rubuce a fuskar kwamfuta, shi kuwa ya riƙa ba ta umarni da maɓallai. Biyu ne suka fi shahara. Ta farko JAWS, wadda kamfanin Ted Henter, wani makaho Ba'amurke, ya fitar domin Windows a 1995. Saye ake yi. Ta biyu NVDA, wadda Michael Curran ya fara a 2006, kana James Teh ya kama masa, dukansu makafi ne mutanen Ostireliya. Ita kyauta ce, shi ya sa bayanin nan ya fi ƙarfi a kanta. Tana da babban maɓalli guda, watau Insert, ko Caps Lock ga wanda ya zaɓe shi, ana kiransa maɓallin NVDA.

Abin Da Ya Sa Tsari Ɗaya Bai Isa Ba

Hausawa sun ce kowace ƙwarya da abokiyar burminta. Mai rubuta wasiƙa a Word yana bukatar a gaya masa kowace aya da waƙafi, da kalmar da ya rubuta ba daidai ba. Mai lissafin albashi a Excel yana bukatar murya ta yi sannu a hankali, domin sifiri guda in ya wuce kunne, naira 50,000 ta koma 5,000. Mai karanta labarai a intanet kuwa sauri yake so, faɗar waƙafi ba ta ƙara masa komai sai gajiya. Wanda ya bar tsari ɗaya ga dukan ayyukan nan, ko dai ya ɓata lokaci, ko ya yi kuskure. Tun 2013 aka sa wa NVDA hanyar keɓe wa kowace manhaja nata tsari.

Yadda Ake Keɓewa

1. A buɗe manhajar da ake so, misali Excel, a tsaya cikinta.
2. A danna NVDA da Control da P tare. Jerin tsare-tsare zai fito.
3. A zaɓi yin sabo, a nuna cewa na wannan manhaja ne da ake ciki, a amince.
4. Ba tare da an fita daga Excel ba, a danna NVDA da N, a shiga wurin gyare-gyare, a rage saurin murya, a daidaita sauran abin da ake so.
5. A danna NVDA da Control da C domin a adana.

Daga nan, duk lokacin da aka shiga Excel wannan tsari zai tashi da kansa, in an fita ya kwanta. Sai dai a kiyaye: gyaran da aka yi ana cikin Excel, na Excel ne kaɗai. Mai son ya canja tsarin gaba ɗaya, sai ya fita zuwa wata manhaja da ba a keɓe mata komai ba, sa'an nan ya gyara.

Har wa yau, a Excel, in aka tsaya a farkon jerin kanun ginshiƙai aka danna NVDA da Shift da C, muryar za ta riƙa faɗin kan kowane ginshiƙi, akawu ya san ko a gidan albashi yake ko a gidan haraji.

Sha'anin Maɓallai

Wani lokaci maɓalli ɗaya yakan zama da aiki biyu, ɗaya na NVDA, ɗaya na manhajar da ake ciki. Maganin gaggawa shi ne a danna NVDA da F2, sai NVDA ta ƙyale maɓallin da zai biyo baya ya wuce. Magani mai ɗorewa kuwa shi ne a shiga wurin da aka rubuta Input Gestures, a cire maɓallin daga umarnin, a ba shi wani. Lalle a buɗe wurin nan daga cikin manhajar da ake nufi, domin umarnan da suka shafe ta a sa'an nan ne suke bayyana. Wanda bai san aikin wani maɓalli ba, ya danna NVDA da 1. Duk abin da ya taɓa za a gaya masa aikinsa ba tare da an aikata ba, sai ya sake danna su ya koma aiki. Mai JAWS kuma, in ya danna Insert da F2, zai sami jerin wuraren gyara, har da na maɓallai.

Haruffan Hausa

Muryar Turanci ba ta iya ɓ da ɗ da ƙ ba, alhali kuwa baki daban, baƙi daban, haka kasa da ƙasa. A wurin gyaran furucin alamomi ana iya ƙara kowane ɗayansu a ba shi suna, misali "ka mai lanƙwasa", a sa a riƙa faɗinsa in ana bin kalma harafi harafi. Akwai kuma ƙamus na furuci, inda ake koya wa muryar sunayen garuruwa da na mutane da take karkatarwa.

Rigakafi

In gyara ya rikice kafin a adana, a danna NVDA da Control da R sau ɗaya, tsarin da aka adana zai dawo. Sau uku a jere kuwa yana mai da komai yadda ya zo tun fari, don haka a yi hattara. Ɗalibin da ke aiki da kwamfutar makaranta, kamar a Kwalejin Yusuf Bala Usman ko Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Daura, yana iya ɗora NVDA da dukan tsarinsa a kan filas, ya tafi da ita aljihu duk inda za shi.

Ana roƙon malamai da shugabannin ofisoshi su ba makaho lokaci da izinin shirya kwamfutar da zai yi aiki da ita, kada kuma wani ya taɓa masa tsari ba da saninsa ba. Iyaye kuma su sa 'ya'yansu makafi, maza da mata, a makaranta, domin makahon da ya iya wannan aiki ya sami abin riƙe kansa da iyalinsa.