Sukar Allura a Ɗakin Tiyata da Hanyoyin Kauce Mata

A ɗakin tiyata, allurar ɗinki da askar fiɗa da sirinji suna kai-komo tsakanin hannuwa da dama, a matsattsen wuri, sau da yawa cikin gaggawa. Idan ɗaya ta soki ma'aikaci, raunin bai taka kara ya karya ba: ɗan huji a safar hannu, ɗigon jini a kan yatsa. Haɗarin yana cikin jinin majinyacin da ke jikin ƙarfen.

Cututtuka uku aka fi jin tsoro. Idan majinyaci yana da ƙanjamau, yiwuwar kamuwa daga suka ɗaya kusan 3 ne cikin 1,000. Na ciwon hanta nau'in C ya kusa kashi 2 cikin 100, na nau'in B kuwa yakan kai kashi 30 ga wanda ba a yi wa rigakafi ba. Ma'aikata sun fi fargabar ƙanjamau, alhali ciwon hanta ya fi kusa da su. Binciken ƙasa na 2018 ya nuna kusan kashi 8 cikin 100 na manyan mutane a Najeriya suna ɗauke da nau'in B, yawancinsu ba su ma sani ba.

Allurar ɗinki ce kan gaba wajen jikkata ma'aikatan tiyata. Likita yana ɗinki can cikin ciki, inda ido ba ya kaiwa sosai, sai ya sa yatsan ɗaya hannun ya tokare naman yana laluben bakin allurar. Wannan yatsan ne yakan sha suka. Sai kuma lokacin miƙa kaya, inda nas ke miƙo aska yayin da idon likita yake kan majinyaci. Na ƙarshe shi ne bayan an gama, sa'ad da mai kwashe kaya ya ɗebo zannuwan aiki da allura ɓoye a ciki.

A shekarar 2000 Amurka ta yi dokar da ta tilasta wa asibitoci samar da allurai masu kariya. Wani bincike da aka wallafa a 2010 ya nuna raunukan sun ragu da kusan kashi 30 a sauran sassan asibiti, amma a ɗakin tiyata ƙaruwa suka yi. Sabon sirinji bai warware matsalar ba, domin a nan yadda hannu ya saba aiki ne tushenta.

Mataki na farko na kauce wa suka shi ne rage kaifin kansa. Akwai allurar ɗinki mai dakusasshen baki wadda take ratsa tsoka da tantanin da ya lulluɓe ta, amma ba ta huda safar hannu cikin sauƙi. A 2012 hukumomin lafiya da na tsaron ma'aikata na Amurka suka shawarci likitoci su riƙa ɗinke irin waɗannan wurare da ita. Fata kuwa ana iya haɗa ta da ƙananan ƙarafa ko gam na tiyata.

Na biyu, safar hannu ninki biyu. Idan ta sama ta huje, ta ƙasa takan tsira, kuma robar tana goge wani ɓangare na jinin da ke jikin allurar. Wasu kan sa ta ƙasa mai launi dabam, kamar kore, don hujin ya fito fili nan take.

Na uku, daina miƙa kaifi hannu da hannu. Ana ware ƙaramin kwano ko tire. Mai bayarwa ya ajiye ya faɗa da baki, mai karɓa ya ɗauka da kansa, abu ɗaya a lokaci guda. Da hantsaki ake kama allura da naman da ake ɗinkewa, da shi kuma ake cire bakin aska. Ba a mayar wa allura murfinta da hannu biyu. Akwatin zubar da allurai ya zauna kusa da wurin aiki, a rufe shi da zarar ya kai kashi uku cikin huɗu. Kafin duk wannan, kowane ma'aikaci, har ɗalibai da masu shara, ya karɓi rigakafin ciwon hanta nau'in B, allurai uku cikin wata shida.

Idan tsautsayi ya auku, a wanke wurin da ruwa da sabulu, ba matsawa, ba tsotsa, ba zuba bilic. A kai rahoto nan take, a gwada jinin majinyaci da na ma'aikacin. Maganin kariya daga ƙanjamau ya fi aiki idan an fara shi cikin sa'o'in farko, kada a wuce sa'a 72, ana kuma shan sa kwana 28. Wanda ba shi da rigakafin nau'in B, sai a fara masa nan da nan. Nau'in C ba shi da rigakafi, sai bibiya da gwaji, amma maganin mako 8 zuwa 12 yana warkar da mafi yawan masu shi.

Ma'aikata da yawa idan allura ta soke su sukan sauya safar hannu su ci gaba da aiki ba tare da kai rahoto ba, saboda kunya ko tarin majinyata a layi. Wannan shirun yana cinye sa'o'in magani, yana kuma hana asibiti gane wace allura da wane irin aiki suka fi jikkata ma'aikatansa, balle ya gyara.