Gishirin da Ba a Gani a Cikin Tukunya

Mutum zai yanke jiki ya faɗi a kasuwa, ya farfaɗo baki a karkace, hannu ɗaya ba ya ɗaguwa. Kafin a kai shi gida an gama yanke hukunci: ko jifa ne, ko ya yi gamo. Sau da yawa kuwa hawan jini ne da ya shekara da shekaru yana cin jijiyoyinsa, bai taɓa sa shi ko ciwon kai ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan rabin masu wannan ciwo ba su san suna ɗauke da shi ba. Awo kaɗai ke tona shi. Idan aka auna a ranaku daban-daban ana samun 140 bisa 90 ko sama da haka, to akwai magana.

Gado yana da hannu a ciki, haka shekaru da ƙiba da rashin motsa jiki. Amma wanda muke zuba wa kanmu da hannunmu kullum shi ne gishiri. Yana riƙe ruwa a jiki, jini ya ƙaru, zuciya ta yi ta turawa da ƙarfi, a hankali ƙoda da ido da ƙwaƙwalwa su ɗanɗana kuɗarsu. Hukumar ta ce kada babba ya kai giram 5 a rana, wato kusan ƙaramin cokalin shayi ɗaya, a duk abin da zai ci tun daga karin kumallo har tuwon dare.

Uwargida za ta ce ai ita ɗan kaɗan take barbaɗawa, kuma gaskiyarta ne. Sai dai ta murmushe dunƙule huɗu a miyar kuka, alhali abin da ya fi yawa a cikin dunƙulen nan gishiri ne. Ga yajin tsire da kilishi, ga ƙullin ɗanɗanon da ke cikin taliyar yara. Ga kuma kanwa, wadda ba ma lissafa ta: sinadarin sodiyam da ke tayar da jini a gishiri, shi ne dai a cikinta. Tun a shekarun 1970 likitocin asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya suka lura da yawan masu jego da zuciyarsu ke gazawa, suka danganta hakan da kunun kanwa da zafin wankan jego. Har yau akwai gidajen da ake dama shi da kanwa mai yawa, wai don nono ya kawo.

A ganina ba sai an ci lami ba. Daddawa da albasa da tafarnuwa da citta suna ɗaga miya, harshe kuma yakan saba cikin 'yan makonni idan aka riƙa ragewa sannu a hankali.

Wanda likita ya riga ya ɗora a kan magani, rage gishiri ba ya ɗauke masa shan ƙwayarsa. Da yawa da zarar sun ji garau sai su ajiye, jinin kuma ya koma inda yake ba sallama. Wasu ma su ƙara da maganin ciwon jiki irin su diclofenac da ibuprofen daga kemis, waɗanda ke ƙara tayar da jinin, su kuma wahalar da ƙoda.