Kamara ba ta ƙin baƙar fata, farar shadda ce ke ruɗa ta

Duk Sallah ko ɗaurin aure a Birnin Konni sai ka ji maganar: wai kamara ba ta son baƙar fata, shi ya sa ango ke fitowa dususu cikin babbar rigarsa. Maganar tana da tushe, amma an cakuɗa ta.

A zamanin fim, tun shekarun 1950, Kodak na daidaita launin hoto ne da katin da ke ɗauke da hoton Baturiya, wanda ake kira Shirley, kuma baƙar fata ta cutu. Wannan gaskiya ne. Sai dai abin da ke ɓata hoton ango yau daban ne. Ma'aunin da ke cikin kamara hasken da ya dawo daga abin da ke gabanta yake aunawa, yana ɗauka komai ruwan toka ne, mai mayar da wajen kashi 18 cikin 100 na haske. In farar shadda ta cika hoton, sai ya ga haske ya yi yawa, ya rage. Riga ta dushe, fuska ta nutse. Maganinsa a ƙara haske da mataki ɗaya. A waya, a taɓa fuskar a ja alamar rana sama. Haka ma ranar hazo, da sama ta yi fari fat.

Wasu kuma sun ce awon da ke raba hoto gida-gida, wanda Nikon ta fara fitarwa a kamararta FA a 1983, ba ya kuskure. Ƙarya ne. Tulin albasa a Galmi da hantsi, zai fitar da shi tsaf. Amma a zaunar da dattijo a bakin zaure a Illela, rana na bayansa, sai inuwarsa kawai ta fito.

A nan awon ɗigo ke da amfani, wanda ke duba ɗan wuri kaɗan. Shi ma an yi masa ƙarin gishiri, wai da ka ɗora shi a fuska shi ke nan. Fuska mai duhu zai ɗaga ta zuwa toka, rawani ya ƙone ƙurmus, don haka a rage kaɗan. Fulash kuwa ba na dare kaɗai ba ne. Da tsakar rana ma yana cike inuwar da hula ke yi a ido.