Rauni ya warke, amma kai fa?

A kan hanyar Maraɗi zuwa Tibiri, da ta Jiratawa, 'yan kabu-kabu ba su hutawa. In babur ya faɗi, kuma babu hular kwano, kai ne ke shan bugu. A kai mutum asibitin Maraɗi, a ɗinke shi, a sallame shi. Dangi su ce ya warke.

Fata ce ta warke. Ƙwaƙwalwa tana iya ɗaukar watanni, har shekaru. Sai a ga mai lambu a Jiratawa ya mance ban ruwa. A kasuwa lissafin canji ya rikice masa. Hayaniyar yara kaɗan ta sa shi fushi. Maƙwabta su ce iska ce, ko lalaci. Alhali bugun nan ne.

Ranar haɗari, likita yana duba buɗe ido da magana da motsi, ya ba da maki daga 3 zuwa 15. A Gilasgo aka fito da wannan ma'auni, a 1974. Amma ba ya nuna yadda mutum zai zauna a gida.

Don haka a 2010 masana daga ƙasashe da dama suka fito da wani, mai suna QOLIBRI. Tambayoyi 37 ne, a kan tunani, da yadda mutum yake ganin kansa, da aikin yau da kullum, da zama da mutane, da damuwa, da ciwon jiki. Kowace amsa hawa biyar ce, daga "ko kaɗan" zuwa "ƙwarai". Jimla daga 0 zuwa 100. Majiyyaci ne ke amsawa da kansa, domin shi ya san abin da ke damunsa.

In aka ce wa Bahaushe "Ina jiki?", amsa ɗaya ce: "Da sauƙi." Wannan gaisuwa ce, ba awo ba. Gara a tambaye shi abu ɗaya-ɗaya. Yana samun barci? Yana tuna saƙo? Yana zuwa kasuwa shi kaɗai? Wanda ya yi karatun manya a gidan ya rubuta amsoshin kowane wata, a je da littafin wurin likita.

In kuwa aka ga amai, ko farfaɗiya, ko barci mai wuyar tashi, kada a jira wata. A kai shi asibiti nan take.