Kyauta Ce Ko Rance? Kalmomin Tallafin Karatu Da Ya Kamata A Rarrabe

A Jajimaji, hedkwatar ƙaramar hukumar Karasuwa, babu manomin da zai rikita aro da rance. Wanda ya ari garma ko amalanke, ita ɗin dai zai mayar wa mai ita. Wanda ya ranci tiya goma ta gero a tsakiyar damina ya san da kaka zai auna wani geron ya biya. Kyauta an ba ka ke nan, sai godiya. Jingina sai ka ajiye wani abu naka. Lamuni kuwa sai wani ya tsaya maka. Hausa ta tanadi suna ga kowace hanya da dukiya ke bi daga hannu zuwa hannu, domin kowace da nauyin da take ɗora wa mai karɓa. Amma da zarar magana ta koma kan kuɗin da gwamnati ke bai wa ɗaliban manyan makarantu, sai duk waɗannan kalmomi su narke su zama guda ɗaya, wato "tallafi". Uban da ɗansa ya sami gurbi a Jami'ar Tarayya ta Gashuwa, wadda aka kafa a 2013, ko 'yarsa ke Kwalejin Kimiyyar Lafiya ta Nguru, zai ji a rediyo an ce an buɗe tallafin karatu, ya yi hamdala, alhali bai san ko kyauta ce, ko gasa ce, ko bashi ne ɗan nasa zai sa wa hannu ba. Ina ganin wannan cakuɗa kalmomi na cutar da iyalai ta fuska biyu: wasu suna ɗaukar bashi suna zaton kyauta ce, wasu kuma suna gudun haƙƙinsu suna zaton bashi ne.

A fara da wanda aka fi sani, kuɗin da ɗalibai ke kira bosari. Shi wannan alawus ne da gwamnatin jiha, wani lokaci ma ƙaramar hukuma, ke bai wa ɗalibi don kawai shi ɗan jihar ne kuma yana karatu a makarantar gaba da sakandare. Ba a tambayar ko shi ne na ɗaya a aji, kuma ba a mayar da shi. Yawanci sau ɗaya ake biya a shekarar karatu, adadin kan bambanta bisa irin kwas, kuma ba kasafai yake ɗauke dukan ɗawainiya ba. Sikolashif na ainihi daban yake: ana samun sa ta hanyar gasa ko cancanta, a duba maki, wani lokaci a zauna jarrabawa, kuma yana iya ɗaukar kuɗin makaranta da masauki da abinci har da jirgi idan a ƙetare ne. Irinsa ne Hukumar Sikolashif ta Tarayya da asusun PTDF ke bayarwa. Abin da ya kawo ruɗani shi ne, ofishin da ke biyan bosari a Damaturu sunansa Hukumar Sikolashif ta Jihar Yobe, haka ma takwarorinta a Kano da Katsina da sauran jihohi, don haka ɗalibi kan ce "an biya sikolashif" ko da bosari ne ya shigo masa. Illar wannan ita ce, yaro mai matsakaicin ƙoƙari daga ƙauye, da ya ji kalmar sikolashif, sai ya ɗauka abin na zaƙaƙurai ne, ya ƙi cike fom ɗin da aka yi dominsa.

Sikolashif ma ba kyauta ce tsagwaronta ba. Kusan kullum yana tafe da sharaɗi, kuma sharaɗin yana ɓoye cikin kalmomi biyu da ba a cika fassara wa iyaye ba. Ta farko ita ce CGPA, wato matsakaicin makin ɗalibi tun daga shigarsa makaranta har zuwa zangon da yake ciki. A yawancin jami'o'inmu ƙololuwarsa 5.00 ne. Mai bayar da sikolashif kan gindaya cewa kada makin ya sauka ƙasa da wani mataki, idan ya sauka a janye. Ta biyu ita ce yarjejeniyar aiki, wadda ma'aikata ke kira bon. Jihar da ta ɗauki nauyin karatun likita ko jinya kan sa ɗalibi ya rattaba hannu cewa idan ya gama zai yi mata aiki na wasu shekaru, in ya ƙi ya biya abin da aka kashe masa. Wannan sharaɗi ni dai ina goyon bayansa, domin duk wanda ya san yadda asibitocin arewacin Yobe ke ƙishirwar likitoci ba zai ga laifin jihar da ta ce a dawo a yi wa jama'a hidima ba. Sai dai ya kamata iyali su sani tun ranar sa hannu cewa alkawari ne suka ɗauka, mai cin shekarun ƙuruciyar ɗansu.

Sai kuma rance, wanda shi ne sabon baƙo. A ranar 12 ga Yuni, 2023, Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu kan dokar ba ɗalibai rance. Waccan doka ta zo da sharuɗɗa masu tsauri: sai abin da iyali ke samu a shekara bai kai naira 500,000 ba, kuma sai ɗalibi ya kawo masu tsaya masa mutum biyu daga cikin manyan ma'aikata ko lauyoyi da makamantansu. Ina ɗan manomin riɗi a Karasuwa zai samo babban ma'aikacin da zai lamunce masa? An soke dokar aka sake wata a ranar 3 ga Afrilu, 2024, aka cire waɗancan sharuɗɗa biyu, sannan asusun ba da rancen, wato NELFUND, ya buɗe shafinsa na intanet a watan Mayun shekarar. Rancen kashi biyu ne. Kashi na farko kuɗin makaranta ne, wanda asusun ke aika wa makarantar kai tsaye, ba ya biyowa ta hannun ɗalibi. Kashi na biyu kuɗin kashewa ne, naira 20,000 a wata, da ke shiga asusun bankin ɗalibi. Babu kuɗin ruwa a kai, abin da ke da muhimmanci ƙwarai ga al'ummar da ke ƙyamar riba. Biya yana farawa ne shekara biyu bayan kammala hidimar ƙasa, ana cire kashi 10 cikin 100 na albashi ko na abin da mutum ke samu a sana'arsa. Dokar ta ba wanda bai sami aiki ba damar neman a ɗaga masa ƙafa ta hanyar rantsuwa a rubuce, ta kuma tanadi yafewa idan mai bashin ya rasu.

Wannan naira 20,000 ita ce wurin da kalmar "tallafi" ta fi yin ɓarna. Tana shigowa waya kamar alawus, ana cin shinkafa da wake da ita a bakin ƙofar makaranta, ana sayen data, wani ma ya aika wa mahaifiya dubu biyar. Ba ta da kamannin bashi ko kaɗan. To, a yi lissafi. Ko da wata goma kaɗai ake karɓa a shekara, naira 200,000 ke nan. A shekara huɗu 800,000, ban da kuɗin makarantar da aka biya a madadinsa. Idan ɗalibin ya gama ya sami aiki a kan mafi ƙarancin albashi na ƙasa, naira 70,000 da aka amince da shi a 2024, abin da za a riƙa cira shi ne 7,000 a wata, kuma zai shafe shekara tara da rabi yana biyan kuɗin kashewar nan kaɗai. Ba na faɗin haka don in hana kowa karɓa. Rance marar ruwa, a ƙasar da darajar naira ke zaizayewa, sauƙi ne babba, kuma ga yaron da zai bar karatu saboda kuɗin rajista ya fi alheri nesa ba kusa ba. Amma ɗalibin da gidansu ke cikin Gashuwa, yake kwana ɗakin mahaifiyarsa yake cin tuwon gida, yana da damar neman kuɗin makarantar kaɗai ya bar na kashewa, kuma da yawa ba su san zaɓin yana nan ba.

Wani zai ce ai kuɗi kuɗi ne, mai jin yunwa ba ya tambayar sunan tuwo, kuma bashi hanji ne yana cikin kowa. Wani ma zai ƙara da cewa bashin gwamnati ba a biyansa. Wannan magana ta biyu tana da madogara a tarihi, domin an taɓa kafa hukumar ba ɗalibai rance a 1972, aka kuma yi dokar Bankin Ilimi a 1993, duka suka shiririce, kuma rashin dawo da kuɗi na cikin abin da ya kashe tsarin farko. Sai dai a wancan zamani mai bashi kan bar garinsu ya ɓace cikin jama'a. Yanzu ba a ba da rancen sai da lambar NIN da ta BVN da ta JAMB, kuma waɗannan lambobi suna bin mutum duk bankin da ya buɗe asusu. Ko da an ce za a iya zillewa, asusun rancen da ba a mayar masa ba ƙafewa yake, kuma ƙannen wanda ya zille ne za su tarar da rijiya babu ruwa. Balle ga Musulmi, wanda ya san matsayin bashi a addini, karɓar rance da niyyar ƙin biya ba ƙaramin abu ba ne, kuma ba daidai ba ne a jefa yaro ɗan shekara goma sha takwas cikin haka don kawai ba a gaya masa sunan abin da ya karɓa ba.

Akwai kuma masu ganin tunda rance ya zo, bosari ya zama tarihi. Wannan ra'ayi ne ya fi ba ni tsoro, domin zai yi wa gwamnatocin jihohi daɗi. Tun bayan cire tallafin mai a 2023 jami'o'in tarayya da dama suka ninka abin da suke karɓa, yayin da gwamnati ke nanata cewa karatu a cikinsu kyauta ne. Maganar tana da gaskiya a takarda, domin abin da aka yafe shi ne kuɗin koyarwa, abin da ake biya kuwa kuɗin rajista ne da na jarrabawa da ɗakin gwaje-gwaje da masauki. Uba dai buhun wakensa ya sayar, ko da wane suna aka rubuta a rasit. A irin wannan hali, jihar da ta bar bosari ya mutu ta ce ɗalibai su je su ci rance, ta sauke nauyinta ne ta ɗora wa albashin da yaran ba su fara karɓa ba.

Kalmar da ta fi kowace ƙaya ita ce "ɗan asali". Rancen tarayya na kowane ɗan Najeriya ne da ke makarantar gwamnati, amma bosari da sikolashif na jiha sai da takardar shaidar ƙaramar hukuma, wadda ake kira indijin, kuma kafin a ba da ita galibi sai mai unguwa ko dagaci ko hakimi ya shaida. A ƙauyen da kowa ya san kakan kowa wannan ba wuya. A Nguru kuwa, inda layin dogo daga Kano ya ƙare tun 1930, fatauci ya tara zuriyoyi daga Kano da Haɗeja da Katsina da Damagaram, akwai samarin da a nan aka haifi kakanninsu, a nan suke biyan haraji, ba su san wata ƙofar gida ba. Masu kare tsarin suna cewa idan aka buɗe ƙofa, jihohin da suka yi nisa a boko za su mamaye ɗan abin da Yobe ta ware wa 'ya'yanta, kuma tsoron nasu ba na banza ba ne. Amma ana iya tsare wannan ta hanyar shaidar haihuwa da ta makarantun firamare da sakandaren da yaro ya yi a jihar, ba sai an tono inda aka binne cibiyar kakansa ba.

Ƙarshen tafiyar kowane fom shi ne tantancewa, kuma a nan ƙananan abubuwa ke kayar da mutum. Ɗalibi zai zauna a shagon kwamfuta a Gashuwa, ya biya mai shago, a shigar da komai, sai na'ura ta ƙi karɓa, saboda sunansa a JAMB Muhammad ne, a banki Mohammed, a NIN kuma an sa sunan garinsu a madadin na mahaifinsa, ko ranar haihuwar da aka ƙiyasta masa a firamare ta saɓa da ta katin ɗan ƙasa. Wani kuma makarantarsa ce ba ta aika da sunansa ga asusun NELFUND ba tukuna. Gyaran suna kan ci makonni, wa'adin fom ba ya jira, don haka lokacin hutu ne ya dace a jera takardun nan a kan tabarma a karanta su harafi bayan harafi. Sakatariyar ƙaramar hukuma a Jajimaji, da ƙungiyoyin ɗalibai na Nguru da Bade da Karasuwa, da masu karanta sanarwa a rediyo, su ma da aikinsu: duk sanarwar kuɗin ɗalibai ta fito da Hausa, da Kanuri ko Badanci inda ake buƙata, layinta na farko ya faɗi ko kyauta ce ko rance, na biyu ya faɗi wanda ya cancanta, na uku ya faɗi ranar da za a rufe.