Kafin Ka Ba Yaro Magani, Dubi Harafin da ke Gefen Lambar

Tun bayan annobar korona ta 2020, ma'aunin zafin jiki ya shiga gidaje da yawa, kuma wannan ci gaba ne. Abin takaicin shi ne yadda mutane ke karanta lambar da na'urar ta nuna, su yi watsi da ɗan harafin da ke gefenta, ko C ko F.

Jikin yaro ya yi ɗumi cikin dare, uwa ta auna shi, na'ura ta nuna 99. Shi ke nan gida ya rikice. A ɗura masa farasitamol, a bi shi da maganin zazzaɓin cizon sauro ba tare da gwaji ba, wani ma ya lalubo ragowar maganin bara a cikin durowa. Alhali harafin F ne, wato Faranhait, kuma 99 a wannan ma'auni daidai yake da 37.2 a Salshiyas, zafin jikin da ba ya tayar da hankali. Wanda ya fi wannan haɗari shi ne uban da ya kalli bidiyon wani likitan Amurka a Facebook, ya ji an ce zafin jikin mai lafiya 98.6 ne, sai ya ga 39.5 a na'urarsa ya ce ai da sauran nisa, ya koma barci. Wannan yaron zazzaɓi mai zafi yake fama da shi. Haba jama'a! Wanda ya ce maka kuɗin kaya dubu goma a kan iyakar Jibiya da Maraɗi, ba ka biya sai ka tambaya naira ko sefa. Don me lafiyar ɗanka za ta kasa samun wannan kulawar?

Masu kemis ma suna da laifi. Su miƙa wa mutum na'ura a kwali, su karɓi kuɗi, ba su kunna ta sun nuna masa a kan wane ma'auni take ba. Da yawa daga cikin na'urorin nan suna da maɓallin sauya C zuwa F, kuma yaro mai wasa yana iya danna shi ba wanda ya sani.

Ma'aunin Faranhait ya fito a 1724, a kansa ruwa ke daskarewa a 32 ya tafasa a 212, kuma Amurkawa na riƙe da shi har yau. Na Salshiyas, wanda wani masanin taurari ɗan Suwidin ya fito da shi a 1742, shi asibitocinmu da masu hasashen yanayi a Najeriya da Nijar ke amfani da shi: ruwa ya daskare a 0, ya tafasa a 100. Masana kimiyya kuwa ma'auninsu na hukuma a duniya shi ne Kelbin, wanda ke farawa daga ƙarshen sanyin da zai yiwu, wato digiri 273.15 ƙasa da sifiri a Salshiyas. Jikin mutum a wurinsu kimanin 310 ne. Ɗalibin sakandare na buƙatarsa don jarrabawa, amma ba ruwan mai jinya da shi.

Lissafin sauyawa ba wuya: ɗebe 32 daga lambar Faranhait, ka ninka da 5, ka raba da 9. In ba ka son lissafi da tsakar dare, rubuta wannan a takarda ka manna a kwalin na'urar: zazzaɓi yana farawa daga 38 a C, wato 100.4 a F. 39 shi ne 102.2, 40 kuma 104. Jaririn da bai kai wata uku ba, da zarar ya kai 38, asibiti kai tsaye, kada a jira gari ya waye. Masu ajiye allurar insulin a firji su ma su lura, 2 zuwa 8 da ke jikin kwalin a C ne, daidai da kusan 36 zuwa 46 a F.

Yau ɗin nan ka ɗauko na'urar gidanka, ka kunna, ka mayar da ita kan C, ka nuna wa duk mai kula da yara a gidan. Idan kuma za ka faɗa wa likita ko nas a waya, faɗi lambar tare da harafinta.