Ƙungiyar Malaman Lissafi ta Nijeriya da Maganar Ƙidaya da Hausa

An kafa Ƙungiyar Lissafi ta Nijeriya, wadda ake taƙaita sunanta MAN, domin ta haɗa kan masu koyar da lissafi tun daga firamare har zuwa jami'a. Tana da rassa a jihohi, tana yin babban taro kowace shekara, tana kuma buga mujalla mai suna Abacus. Irin wannan ƙungiya ba ta rasa aiki, gama manhajar lissafi ta sha juyi. Sabon lissafin da ya samo asali daga taron Entebbe na ƙasar Uganda a 1962 ya shiga makarantu, sa'an nan Gwamnatin Tarayya ta soke shi a 1977. Amma akwai wata matsala wadda ta girmi manhaja, watau harshen da ake koyarwa da shi.

Lissafi ba baƙo ba ne cikin birnin Kano. Tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, a ƙarni na 15, ake ciniki a Kasuwar Kurmi, kuma da wuri aka daɗe ana biya: hauya ita ce 20, keso kuwa 20,000. Malaman zaure suna da hisabi da rabon gado, inda ake aiki da nusufi, da sulusi, da rubu'i, da sudusi, da sumuni. Daga Larabci ne kuma aka aro ashirin har zuwa casa'in, suka ture gomiya biyu da 'yan'uwanta. Saboda haka yaron birni yakan zo makaranta da abinsa, ya san 19 ita ce ashirin ba ɗaya, tun ba a koya masa ɗebewa ba.

Duk da haka ƙidayar kasuwa ba ta isa ga aji sai an daidaita ta. In aka ce "dubu ɗari da biyu", wani zai rubuta 102,000, wani 100,002, kuma babu wanda ya saɓa wa nahawu. A kasuwa kayan da ke gaban mutum su ke raba gardama. A kan allo kuwa babu mai rabawa. Har wa yau, kalmar ninkawa tana ɗaukar ma'anar yin abu biyu, tana kuma ɗaukar ma'anar sau kaza. Malami ɗaya ba ya iya yanke wannan hukunci shi kaɗai, don abin da ya zaɓa a Shahuci ba lalle ya dace da na Sakkwato ba.

Manufar ilmi ta ƙasa ta 1977 ta ce a fara koyar da yara da harshensu. A 2022 aka faɗaɗa wannan zuwa shekara 6 na firamare, a 2025 kuma Ministan Ilmi ya ba da sanarwar komawa ga Turanci. Ko wace doka ke ci, malami yakan juya zuwa Hausa da zarar ya ga yara sun ɓata. Abin da ya kamata shi ne malaman lissafi da masana harshe su zauna wuri guda, su tsai da kalmomi, kwalejojin horon malamai su koyar da su. In ba haka ba, yaro zai faɗi jarrabawa a kan kalma, a ce lissafi ne ya gagare shi.